Awo Biyu Kowace Safiya

Daga Gwaggo, ranar Talata

'Yar Nas,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar jaririyarki da har yau ba a kawo min na gani ba. Mu nan alhamdu lillahi. Babanki Tela jiki da sauƙi, sai dai hannun hagun bai gama dawowa ba tun faɗuwar da hawan jini ya yi masa a bara. Ni kuwa lafiyata lau, sai ɗan ciwon ƙeya na gajiya, in na sha shayi yana sakina.

Kada ki ce me ya hana ni kira. Kin san sabis ɗin garin nan. Saƙo yana fita in an ɗora waya a kan tagar shago, amma murya sai mutum ya hau tudun bayan makaranta, ni kuma gwiwata ta daina wannan wasan. Takarda ta fi min, direban motar Laraba zai riƙa kawo miki.

Injin awon jinin da kika sa aka rubuta da sunan Babanki ya iso. Ma'aikaciyar ƙaramin asibitinmu ce ta kawo shi da wata 'yar waya. Ta ce kullum da safe a ɗaura masa a damtse a danna, shi zai faɗa wa wayar, wayar ta faɗa muku can babban asibiti. Ta yi bayani da sauri kamar ana korarta, ta ce sai wani watan, don garuruwa tara take zagayawa ita kaɗai a kan babur.

To, ranar farko an yi abin kallo. Da abin ya fara kumbura yana matse shi, sai Babanki ya miƙe tsaye yana salati, wai za a fasa masa jijiya. Ya ce shekara arba'in yana auna mutane, bai taɓa matse ɗan kowa haka ba. Kwana uku ya ƙi, da ya ji na buɗe akwatin sai ya tuna yana da alwala. Amma kin san ni, na samo dabarata, yanzu kullum yana miƙo hannu ko da yana gunaguni.

Maganar gishiri kuma kullum sai mun yi. Ya ce abincina ya koma na 'yan kurkuku. Nakan zuba masa nasa kafin in sa wa tukunya gishiri, ni dai ba zan iya cin lami ba alhali ba ni ce mara lafiya ba.

Keken ɗinkin ya dawo hannuna gaba ɗaya. Shi yana zaune a benci yana yanka da hannun dama yana gyara min, ni ina taka feda. Ki dubo min lambobinsa ki gaya min gaskiya. Tsoro nake ji, 'Yar Nas. In ya sake faɗuwa ban san yadda zan yi ba.

Gwaggonki.

Daga 'Yar Nas, ranar Asabar

Gwaggo,

Na amsa sallama. Takardarki ta same ni lafiya, na karanta ina dariya ni kaɗai har abokiyar aikina ta tambayi ko lafiya. Maigidana yana gaishe ki, jaririya ta fara zama. Ki gaishe min da Baba, ki ce masa injin bai taɓa fasa jijiyar kowa ba.

Ki kwantar da hankalinki. Mutum ɗari huɗu da wani abu ne a ƙarƙashina a kwamfuta, amma kullum layin Baba nake fara buɗewa kafin in ajiye jaka. Na ji daɗi da na ga kuna bin ƙa'ida, awo biyu kowace safiya, minti biyu zuwa uku a tsakani. Mutane da yawa sau ɗaya suke yi su gaji.

Ga abin da nake gani. Na farko yana da yawa, ɗari da tamanin, wani lokaci ɗari da tamanin da biyar. Na biyu kuma ɗari da talatin da wani abu, wanda ga mai irin ciwon Baba abin a gode wa Allah ne. Da farko na damu, sai takardarki ta warware min. Tsoron injin ne. Mutum in yana fargaba awon farko yakan haura, in ya natsu ya sauka. Shi ya sa ma aka tsara kwamfutar ta riƙe na ƙarshe ta ajiye na farko a gefe. Don haka Baba yana cikin masu koren layi. Ya ci gaba da shan ƙwayarsa ɗaya da safe, kada ya tsallake ko rana guda.

Ciwon ƙeyar nan na sunkuyo a kan keke ne. Ki riƙa miƙewa kina ɗan zagaya shago, ki sa matashi a kujerar.

Ban manta shekara huɗun da na yi a ɗakinki ba lokacin da mahaifiyata take kwance, alhali ke da babana kakanni kawai kuka haɗa. Wannan ɗan abin da nake yi wa Baba bai kai komai ba. Ki bar min lambobi, ke ki kula da shi.

'Yarki.

Daga Gwaggo, bayan mako uku

'Yar Nas,

Sallama. Ya gida, ya aiki, ya mai zama? Muna lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri, an kusa komawa makaranta, yunifom ya rufe mu. Riga da wando sittin da biyu na karɓa, kowace uwa kuma tana so a ce nata ne na farko.

Takardarki ta zo, amma wallahi sai da na ji haushinki kaɗan. Ni na rubuto miki zuciyata, ke kin aiko min da lissafi. Rubutunki ƙanana kamar tururuwa, na karanta gaisuwa, na shiga lambobin sai idona ya fara rawa. Na tsallaka har inda kika ce yana cikin masu koren layi, na ce alhamdu lillahi, na ninke na sa a ƙarƙashin tef ɗin awo. Abin da nake so in ji ke nan.

Kuma gaskiyarki ce, Babanki ya murmure. Shekaranjiya ya ɗauki kofi da hannun hagu ya kai baki bai zubar ba. Ya dube ni yana jira in yabe shi, na ce masa sai ya iya sa maɓalli tukuna. Da ya juya baya sai da na share hawaye. Yanzu har fahariya yake wa mai gyaran rediyo na kusa da mu, wai shi jininsa a birni ake karantawa kullum kamar labarai.

Ni ce dai tsufa ya fara yi wa sallama. Kafar allura ta zama biyu, sai in yi ta cusa zare a wadda ba ita ba. Babanki mai hannu ɗaya shi yake zura min yanzu, yana yi yana tsokanata. Ran Lahadi kuma haɓo ya ɓalle min ina tsakar ɗinki, ya ɗiga a kan farar rigar 'yar mutane. Ban ma damu da hancin ba, rigar na ruga na jiƙa a ruwan sanyi, Allah ya taimake ni ta fita. Zafi ne, rufin shagon nan kwano ne kin sani. Kunnena ma yakan yi ƙara kamar keken yana tafiya alhali na tsaya.

In akwai tabarau irin na karatu a wajenku ki aiko min. Kada ki saya mai baƙin kai irin na tsofaffi, ba na so.

Ma'aikaciyar asibitin ba ta zo wannan watan ba, an ce babur ɗinta ya lalace. Ƙwayar Babanki dai akwai ta sauran wata guda.

Gwaggonki mai ƙaunarki duk da lissafinki.

Daga 'Yar Nas, ranar Alhamis

Gwaggo,

Na amsa, kuma na karɓi faɗa. Ki yafe min, aikin ne ya mayar da ni haka, har maigidana yana cewa in ya ce min kansa na ciwo sai na tambaye shi nawa bisa nawa. Ga shi na yi rubutun manya-manya. Ga tabarau kuma, mai ruwan zuma, na 'yan mata. Idon shekara hamsin da biyar dole ya nemi taimako. Haɓon kuma ki riƙa shan ruwa sosai, ki buɗe ƙofar baya iska ta shiga.

Labarin kofin ya faranta min rai. Na nuna wa likitanmu layin Baba, ya ce irin wannan ake so.

Abu ɗaya ne bai kwanta min ba. Awon Baba na biyu yana nan lafiya, amma na farko sai hawa yake. Makon jiya ɗari da casa'in da biyar, jiya ɗari biyu da huɗu. Ya kamata a ce ya saba da injin yanzu, tsoron ya ragu. Na yi ta tunani, sai na tuna halin gidanmu da safe. Gwaggo, don Allah ba rashin kunya ba ne, amma na san ki. In kina masa faɗan gishiri ko na yanka kafin awo, ki bari sai an gama. Ya zauna minti biyar shiru, bayansa a jingine, ba mai ce masa komai. Mutumin da ya taɓa faɗuwa ba a so jininsa ya riƙa tsalle haka ko na minti ɗaya.

Ki gwada hakan mako guda mu gani. Ina sa ido kullum.

'Yarki.

Daga Gwaggo, ranar Litinin

'Yar Nas,

Sallama. Tabarau ya iso, na gode, ya yi min kyau in ji mai gyaran rediyo, Babanki kuma ya ce na zama hedimasta. Rubutu ya fito sarai, kafar allurar ce dai har yanzu biyu.

Da shi na karanta takardarki tun daga sama har ƙasa, kuma raina ya ɓaci. Wato ni ce nake tayar masa da jini? Ni da nake tashi in dafa masa nasa daban, in wanke shi lokacin da ba ya iya ɗaga hannu, in taka keke tun safe har la'asar? Yarinyar da na goya ce yau take koya min yadda ake zama da miji. Ba komai.

Bari in gaya miki yadda safiyarmu take, tunda kin iya zato. Muna buɗe shago, in share, in ɗora wayar a taga. Ya zauna a bencinsa, ba mai ce masa uffan. In ɗauko injin in ɗaura a hannuna in danna, yana kallo har ya gama kumburinsa ya sace. Sai in ce masa, “Ka gani, ban mutu ba.” Shi kuma ya ce, “To kawo.” Sannan in ɗaura masa. Dabarar da na ce miki na samo ke nan tun kwana na huɗu, kuma har yau in ban fara ba ba ya yarda. Ina faɗan yake a nan?

Saboda haka wannan na farkon da kike ta damuwa da shi ba na Babanki ba ne, sau ɗaya ake auna shi. Gwaji ne kawai a hannuna. Kada ki ɓata lokacinki a kansa. Injin da sunansa aka rubuta shi, jininsa ya sani, in ya ji hannun da ba nasa ba dole ya faɗi shirme. Ko ni in aka ba ni awon wani na yanka wa wani ai ba zai zauna ba. Ki goge su kawai, kada su ɓata masa koren layinsa.

Sauran yunifom goma sha tara. Yau na tashi hannun dama yana min nauyi, almakashi ya faɗi sau biyu, na kwanta a kansa ne ina jin. In na gama ɗinkin nan zan yi barcin kwana biyu, kowa ya nemi gwaggonsa.

Iskar ruwan jiya ta kayar da ƙarfen sabis na bakin kasuwa, waya ta mutu gari gaba ɗaya. Muna dai yin awon, an ce injin yana riƙewa. Direba ma ya ce hanya ta yanke a wajen gada, bai san ranar da zai fita ba. Na ba shi takardar ya riƙe.

Fushin nawa ba mai nisa ba ne. Ki shafa min kan jaririya.

Gwaggonki.

Daga 'Yar Nas, ranar Laraba

Gwaggo,

Ki karanta wannan kafin ki yi komai. In kina kan keke ki sauka.

Takardarki kwana tara ta yi a hanya, yanzu direba ya miƙo min ita a ƙofar asibiti, na hana shi tafiya, a kan motarsa nake rubutu. Tun da layin Baba ya yi shiru nake kiran wayarku da ta ma'aikaciyar asibitinku, ba wadda ta shiga.

Injin bai san sunan kowa ba, Gwaggo. Hannun da aka ɗaura masa shi yake aunawa, kuma daidai yake faɗa. Lambobin nan na farko naki ne. Ɗari biyu da huɗu naki ne. Ke ce mai hawan jinin, kuma naki ya fi wanda ya kayar da Baba. Ciwon ƙeya, kafar allura biyu, haɓo, ƙarar kunne, duk kin rubuto min da hannunki, ni kuma na aiko miki da matashi da tabarau. Kusan wata biyu ina kallon jininki kowace safiya ina cewa tsoro ne. Ban san da wane ido zan dube ki ba.

Nauyin hannun nan ba kwanciya ba ce. Ki bar yunifom ɗin, ko guda nawa ya rage. Ki shiga motar nan yau, na roƙi direba kada ya baro gari sai da ke, ya kai ki asibitin da ke bayan gada. Ga takarda ta biyu a ciki, ta likitanmu ce, ki miƙa musu. Kada ki sha ƙwayar Baba da kanki, su za su san abin da ya dace da ke. Na nemi izini a wajen aiki, ina tafe da zarar an sake ni.

Ki yi min duk faɗan da kike so in na zo. Amma ki shiga motar.

'Yarki.

Daga Baba Tela

'Yata,

Assalamu alaikum. Ni ne Babanki. Ban taɓa rubuta miki ba, Gwaggonki ce mai rubutu, ki yi haƙuri da hannun. Ina fatan kin koma lafiya kin samu jaririya lafiya. Kwana biyun da kika yi da mu a asibiti kuka kawai kika yi, ni ma ban iya magana ba, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Kin tambaye ni yadda abin ya faru, na ce miki sai daga baya. Ranar Asabar ne, kwana huɗu kafin ki rubuta takardarki. Da hantsi tana kan wando na biyun ƙarshe sai na ji keken ya canza murya. Na ɗago, na ga ƙafarta ta zame daga feda, ɗinkin ya karkace ya fita daga layi. Na ce mata ta ɓata wandon mutane. Abin da na ce mata ke nan, 'yata. Ta juyo za ta rama, bakin ya ƙi. Na san wannan fuskar, don na taɓa ganinta a madubi. Mai gyaran rediyo ne ya ɗauke ta, muka tsallaka wajen gadar a ƙafa, aka samu mota a can ɓangaren.

Kin ce laifinki ne. Ki daina faɗin haka. Ke lamba kike gani daga nesa. Ni ina zaune kamu ɗaya da ita, ina zura mata zare ina dariya. Kullum ina kallon abin yana matse hannunta, ban taɓa cewa a duba me ya faɗa ba, ni dai jira nake in ga ba ta mutu ba in miƙa nawa. Namiji da gemunsa yana tsoron ɗan ƙyalle mai iska. Wannan zai daɗe yana damuna.

An sallamo mu shekaranjiya. Ɓarin dama ne ya taɓu. Tana tsayawa in an riƙe ta, magana tana fita ɗaya-ɗaya, kuma ta fara da faɗa, don haka likita ya ce akwai fata. Yanzu tukunya ɗaya ake yi ba gishiri, ni nake dafawa, ta ce abincin 'yan kurkuku ya fi shi. Wandunan biyu na ƙarasa su da kaina, ita tana benci tana nuna min da ido inda na karkace.

An gyara ƙarfen sabis. Ma'aikaciyar asibiti ta zo, ta rubuta sunan Gwaggonki, ta ce injin nata sai an samu wani ya iso, kafin nan mu yi amfani da ɗaya. Jiya da safe na ɗauko shi zan ɗaura mata a hannun hagu, sai ta janye. Na ɗauka ciwo ne. Ta yi ta ƙoƙari, can maganar ta fito, ta ce, “Kai fara.”

Na ɗaura, na danna, ya matse ni ya sake. Na ce mata ta gani, ban mutu ba. Ta miƙo hannun.

Saboda haka ga abin da nake so ki gaya wa kwamfutarku. Daga yau za ki riƙa ganin biyu kowace safiya kamar da. Na farko nawa ne, na biyu nata. Don Allah kada a ajiye ko ɗaya a gefe.

Babanki Tela.